Kujerar Baba Seidu a Ɗakin Wankin Ƙoda

Ku sababbin shiga, na ji abin da kuke faɗa a gareji ran nan. Wai aikin ambulet tasi ce kawai, sai dai fasinjan da kujerarsa yake zuwa. Musamman kai Nuhu, da kake zuwa aiki da baƙin gilashi da turare kamar za ka ɗauko amarya. To ku gyara zama, ɗan Fagge zai yi magana. Ban gama sakandare ba, kun sani, malaman Bronx na nan Amurka ne suka riga ni gajiya. Amma motar nan na daɗe ina cin abinci a cikinta.

Mu ba ambulan ba ne. Ba mu da jiniya, ba wanda yake ba mu hanya. Mu ne masu ɗaukar waɗanda ciwo ya zama musu aikin yi: masu wankin ƙoda, masu gashin ƙashi, tsofaffin da ƙafa ta ƙi. Ka ɗauko mutum daga ƙofar ɗakinsa, ka kai shi, ka dawo da shi. A tsakani ne duk aikin yake.

Ranar da na fara, wanda ya koya mini, Malam Isufu mutumin Maradi, muna ce masa Patiron, wato maigida, bai ba ni makulli ba. Cewa ya yi in shiga baya in zauna a wilciya, kujerar marasa lafiya mai taya. Ya ɗaure ƙafafun kujerar da ƙugiyoyi, ya ja mini bel a ƙirji, ya ce in rufe ido. Sannan ya hau babban titin da ya ratsa Bronx, ya bi duk wani rami da gwamnati ta manta da shi, ɗaya bayan ɗaya, kamar yana gaishe su. Hanjina ya hau wuya ya sauko. Na ce, "Patiron, me na yi maka?" Ya ce, "Kai lafiyayye ne ma ke nan, ɗan banza. Yanzu ka ƙaddara an zuƙe jininka duka an wanke an mayar." Daga nan ya sake bin hanyar, a hankali, yana taka birki kamar mai taka ƙwai, yana cewa dusma, dusma, wato sannu-sannu da Faransancinsu. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba. Da na farka ya ce, "Wannan shi ne tuƙi. Ranar da fasinjanka ya yi barci, ka iya."

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Lif ɗin baya da yake ɗaga kujera, in sanyi ya yi yakan yi zuciya, sai ka lallaɓa shi. Ƙugiyoyi, a ƙarfen jikin kujera ake maƙala su, ba a taya ba, Nuhu, na gan ka jiya. Bargo, saboda mai wankin ƙoda ko ana zafin da kwalta take narkewa sanyi yake ji. Leda da tawul a aljihun kujera, a inda ba a gani, don kada mutum ya shigo ya ga ka riga ka shirya wa amansa. Kuma hannun da ake sa masa allurar wanki, kada ka kuskura ka kama shi ta nan. Ka tambaya wane hannu ne tun kafin ka ce ina kwana.

Akwai wata tsohuwa 'yar Puerto Rico a wani bene da elebetarsa, na'urar hawa da sauka, ta fi mutuwa fiye da rayuwa. Ni da Patiron muke sauko da ita a kujera, shi ta sama ni ta ƙasa, tana waƙa da Sifaniyanci tana dukan kaina da jaka in na yi sauri. Wata rana a mota abin da yakan faru ya faru, ta ɓata jikinta. Na buɗe baki zan yi irin surutuna, Patiron ya kalle ni ta madubi, na haɗiye. Ya buɗe rediyo, ya sauke gilas kaɗan, ya ci gaba da hira da ita kan jikokinta kamar ba komai. Da muka sauke ta ya ce mini, "Bayan motar nan kabari ne. Abin da ya shiga ba ya fita. Ko matarka ba ta ji." Duk iskancin bakina, wannan dokar na riƙe ta.

Sai Baba Seidu. Mutumin Kumasi ne, ɗan Zango, yana zaune a unguwar Morrisania nan Bronx da matarsa Mma Adiza. Tsohon direban babbar mota ne, goro yake kaiwa arewa ya dawo da albasa. Dogo, da farar hula, rigarsa kullum a goge kamar zai je ɗaurin aure, ba wankin ƙoda ba. Ranar farko da na ɗauke shi ya ce, "Kai ɗan Kano, wa ya ba ka lasin?" Na ce, "Baba, siya na yi, da ragi ma." Ya ce, "Ya nuna." Daga nan muka ƙulla.

Asibitin da yake wanki ƙarami ne, na unguwa, kusa da gidansa ƙwarai, kafin shayinka ya huce kun isa. Da safe na fi son ɗaukarsa. Gari bai gama farkawa ba, tururi yana fitowa daga ramukan titi, masu shago suna ɗaga ƙofofin ƙarfe, jirgin ƙasa mai bi ta saman titi yana wucewa fitilunsa a kunne kamar gidan da aka ɗora a kan taya. Amma dawowar ce abin ji. In an gama wanke shi yakan yi sakayau, muryarsa ta yi nisa. Sai ya lumshe ido ya hau tuƙa tasa motar. "Mun bar Kumasi. Ɗan Kano, sa giya, hawa ne." Ni ina Third Avenue, shi yana Techiman. In na tsaya a danja ya ce 'yan sandan Kintampo ne, kada in ba su komai, ya san ubansu. Yana jin ƙamshin doya soyayya a bakin hanya, yana ganin mata da tulu a ka, ga kogi can ƙasan gada ya yi fari. Wallahi wani lokacin har ni sai in ga kamar bas ɗin da ke gabana lodin albasa ne. Matsalar ɗaya ce, hanyar gajera ce, kullum kafin mu isa Tamale mun iso gida. Sai ya buɗe ido ya ga bulon Bronx ya ce, "Kai, gobe ma je." In dispacha, mai raba mana aiki a ofis, ba ya kallo, nakan zaga da shi ta gefen Crotona Park, ya ɗan ƙara gaba a ƙarƙashin itatuwa.

Mummunar shekarar ta zo ne ba hayaniya. Kawai aka wayi gari nas-nas suna magana ƙasa-ƙasa, wai wani babban kamfani mai asibitoci da yawa zai haɗiye namu. Su suna cewa haɗewa ce, aure ne. Na ce wane irin aure ne ango zai zo ya ce kicin ɗin amarya bai yi masa ba, a rushe? Don abin da suka shirya ke nan: za a rufe ɗakin wankin ƙoda na unguwa, a mayar da kowa wani sabon gini nasu can Queens, bayan gada. Sabo fil, da talabijin a kowace kujera. A takarda kyakkyawa ne.

Kafin ma a gama magana suka fara gwaji, suka tura wasu can, har da Baba. Tafiya ba laifi. Dawowa ce. Mutum an gama wanke shi, jiri a kansa, cikinsa ba ƙarfi, ka sa shi a go-sulon gada, gaba ba motsi baya ba motsi, ba wurin tsayawa. Ranar farko ya yi amai. Ranar da ta biyo, abin ya fi amai. Ina ganinsa ta madubi, ya dafe hularsa da hannu ɗaya yana kallon ruwa. Na buɗe rediyo. Na sauke gilas. Na yi ta zuba shirme kan ƙwallo. Bai tuƙa motar Tamale ba ranar, bai kuma sake tuƙa ta a wannan hanyar ba. Da muka isa na lulluɓe shi da bargo har ƙafa na tura shi ciki, Mma ta buɗe ƙofa, ta kalle shi, ta kalle ni, ta ce, "Sannu ɗana," ta rufe.

Ba a jima ba ya fara ƙin zuwa. In na buga ƙofa sai in ji muryarsa daga ciki, "Ɗan Kano, yau na huta." Mai wankin ƙoda ba ya hutawa, ku sani. In ya huta ruwa ya cika shi, ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi sama. Mma ta biyo ni bakin bene ta ce ya rantse in aka rufe na unguwa ba zai ƙara hawa gadar nan ba, gara ya zauna a ɗakinsa da mutuncinsa har Allah ya yi ikonsa.

To a garin nan ba a sayen asibiti kamar sayen shago. Sai gwamnatin jiha ta duba ta ga ko mutanen unguwa za su cutu, ta yarda ko ta hana ko ta gindaya sharaɗi. Sai aka ce mutanen jiha za su zo su zauna a wani zauren makaranta su ji ta bakin jama'a. Nas ɗin da ke kula da Baba ta ce mini, "Ku kawo mutanenku, su faɗi abin da suke ciki. Abin da ba a faɗa ba, ba ya cikin lissafi."

Mutanenmu kuwa suka fito. Kai, ka ga manyan riguna! 'Yan Ghana, 'yan Nijar, namu na Najeriya, har daga Harlem. Kamar sallar Idi aka ɗaga ta koma ranar Talata da yamma. A gaba ga teburi, ga mutanen jiha a zaune da ruwan roba, shugabarsu wata baƙar mata mai furfura da tabarau a goshi. A gefe ga na kamfani cikin kwat. Kowa aka kira ana ba shi ɗan lokaci kaɗan, in ya cika wata fitila ta kama ja, ka sauka.

Nan muka yi abin namu. Dattijon farko ya tashi, ya gode wa Allah, ya gode wa gwamnati, ya gaida shugabar taro, ya tambayi gajiyarta da ta hanya, ya gaida na kamfani ma, ya gaida limamai ɗaya-ɗaya. Yana cewa "to abin da ya tara mu," fitila ta yi ja. Ya ce madalla, ya zauna, ana ta ce masa an gaishe ka. Na biyu ya ce shi ba zai ƙara komai a kan abin da yayansa ya faɗa ba, ya yi addu'a. Samarin da suka iya Turanci kamar ruwa suna baya sun naɗe hannu, wa zai tashi ya yi magana manya suna zaune? 'Yan Sifaniyanci da baƙaƙen Amurka kuwa in sun karɓi makirfo ko sallama babu, sai ruwan masifa, ana tafi. Wani dattijo kusa da ni ya ce, "Ka ga rashin tarbiyya." Na ce, "Alhaji, su da rashin tarbiyya, mu da rashin asibiti."

Aka kira sunan Baba Seidu, don nas ta sa shi. Ni na turo shi gaba. Turancinsa na tasha ne, in ya ga taro yakan gudu, tafintan da aka ce zai zo kuma bai iso ba. Matar nan ta ce wa zai fassara? Na waiga, ba kowa, sai ni da na riƙe kujera. Ta ce in faɗi abin da aka faɗa kawai, ba ƙari ba ragi. Na ce to.

Ta tambaye shi yaya tafiyar Queens take masa. Baba ya gyara hula. A gaban limamai, a gaban surukai, a gaban yaran da yake ba alewa a masallaci. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Da sauƙi. Mun gode wa gwamnati." Na fassara. Ta sauko da tabarau ta sake tambaya, ko akwai wata wahala da yake sha a hanya? Ya ce, "Ni direba ne. Hanya ba ta ba ni tsoro." Na fassara wannan ma. Na ga na kamfani yana gyaɗa kai yana rubutu. Ni kuwa abin yana bakina, amma dokar Patiron tana zaune a kai. Ba nawa ba ne da zan faɗa.

Sai muka ji murya daga can layin mata. "Ƙarya ne!"

Mma Adiza ce. Matar da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba ko a kan yaran bene. Ta taso da mayafinta yana jan ƙasa, ta ratsa manyan riguna, ba ta gaida kowa ba. Ta tsaya gefen mijinta ta ce, "Ni ne ke wanke wandonshi. Ku tambaye ni. Duk ranan da ya hau gadan nan, a jike yake dawowa, gaba da baya, kaman jariri. Yanzu ya ce ba shi zuwa kuma. Ya ce gara ya mutu. In kun rufe wurin nan, kun kashe mini miji. Ɗan Kano, gaya musu."

Ɓangarenmu kowa ya ji ta. Ɗaya ɓangaren ba su ji komai ba, suna jira. Baba ya kama wuyan hannuna, da hannun allurar ma, wanda ba ya ɗaukar ko kofi da shi. Bai kalle ni ba. A hankali ya ce, "Kar ka juya maganan nan."

Mma ta ce, "Juya."

Ya ce, "Ɗana. Na roƙe ka."

Fitilar nan ta daɗe da yin ja, ba wanda ya kula. Matar jiha tana kallona. Ban san tsawon lokacin da na tsaya ba, na dai ga ƙura tana yawo a cikin hasken taga, a hankali, kamar a cikin ruwa muke duka. Sannan na ji bakina yana Turanci. Na faɗa duka, har wandon, har jaririn. Ban sa wasa ko ɗaya ba, karo na farko a tarihin bakina.

Ya saki hannuna. Matar ta tambaya ko akwai wasu masu irin wannan. Sai ga wata mata 'yar Nijar ta miƙe ta ce mahaifiyarta ma. Sai wani yaro daga baya, ɗan kwaleji, ya tashi ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Dattawa suna kallon takalmansu.

Muka koma gida. Na sauke lif, na kwance ƙugiyoyi, na kai shi har ƙofa. Ya ce, "Allah ya ba da lada," irin yadda ake gaya wa baƙo.

Da na gaya wa Patiron, ya daɗe yana juya cokali a shayi. Ya ce, "Ka tona kabari." Na ce, "Ba ni na tona ba, mai kabarin ce ta ba ni shebur." Ya ce, "Duk da haka."  Can ya ce, "Da ni ne, ban san abin da zan yi ba." 

An ɗau watanni kafin jiha ta yanke. Ta yarda a yi haɗewar, amma da sharaɗin ɗakin wankin unguwa ya ci gaba da aiki na wasu shekaru, kuma za a riƙa dubawa. Kada wani ya ce ɗan Fagge ne ya yi. Nas-nas sun yi magana, likitoci sun yi, lauyoyi sun yi ta kai da kawo, ban san wanne ya fi nauyi a wurinsu ba. Allon asibitin ya canja, kalar rigar ma'aikata ta canja, wasu da muka sani an sallame su. Amma kujerar Baba tana nan a gefen taga, ya koma zuwa wankinsa ba fashi, kumburin ya sauka.

Ni dai tun washegarin taron Baba ya kira ofis ya ce a canja masa direba. Dispacha ya tambaye shi laifina, ya ce ba laifi, yaron kirki ne, ya iya tuƙi. A canja dai. In mun haɗu a masallaci ina gaishe shi yana amsawa, cikakkiyar amsa, har ya tambayi mutanen gida. Ɗan Kano ne dai bai sake ce mini ba. Wani lokacin da safe ina wucewa da nawa fasinjan, sai in hango shi a bakin bene ana ɗaga shi a lif, farar hularsa tana hawa sama sannu-sannu a cikin tururin titi.

To Nuhu, dalilin duk wannan surutun, na ga allon dispacha. Daga Litinin kai ne za ka riƙa ɗaukarsa. Hannun hagu ne na allura. Ka rage turaren nan, yana tayar masa da zuciya. Zai zagi tuƙinka, ka ce ka gode. Kada ka ambaci sunana, kada ka nuna ka san komai.

In kun dawo, bayan ka shigar da shi, Mma za ta biyo ka bakin bene da wani kwano a ɗaure cikin leda, mai ɗumi. Shinkafa da wake ne irin na Zango, da shito, yajin nan nasu, da ƙwai da nama. Baba yana jin fitarta, ya san inda kwanon yake zuwa, bai taɓa hana ta ba. Ba naka ba ne. Ka kawo mini gareji, kuma na san adadin naman.